Ranar da Na Sa Surukina Gaba a Kan Kadarko

Mu mahauta ne, a Ƙofar Dundaye aka haife ni, kuma tun ina ƙarami na san abin da ake faɗa a kanmu in mun ba da baya. Ana cin namanmu, ana raha da mu a kasuwa, amma da zarar maganar aure ta taso sai kowane uba ya tuna akwai wani ɗan'uwa da ya riga ya yi wa alkawari. Shi ya sa da wani manomin shinkafa na Kwalkwalawa ya yarda ya ba ni 'yarsa, ban ɗauke shi suruki kawai ba. Mutum ne da ya tsaya mini. Ƙanensa ya yi ta kumfar baki, wai ba za a kai jininsu gidan da ake wankin tumbi ba. Dattijon ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce shi dai ya ga yaron yana salla, yana gai da mutane, bai taɓa jin an ce ya sayar da mushe ba, kuma yarinya tana so. Da haka aka ɗaura.

A lokacin Nasara sun zauna a Sakkwato, amma ba su yi daɗewar da za a daina tsayawa kallonsu in sun wuce ba. Hanyar da ta fita daga ƙofarmu arewa ta yi, ta ratsa fadama. Kafin a kai babban gulbi, inda masu fito suke da jiragensu, akwai wani reshe nasa mai zurfi da yake cika da damina. A kansa aka yi kadarko tun farkon zuwan Turawa, saboda dawakinsu da masu kai musu takarda. Ku yanzu gada kuke cewa, kuna nufin ƙarfe da siminti. Namu itatuwan giginya ne aka kakkafa cikin ruwa, aka jera azara a kai, aka shimfiɗa kirare da zana, aka zuba jar ƙasa aka daɓe. Tsawonsa bai wuce taki hamsin ba. Faɗinsa kuwa, jaki biyu da kaya za su iya gifta juna in masu su ba su da neman rigima. Babu abin dafawa ko ɗaya. Lokacin da na yi aure ya riga ya tsufa, ya yi doro a nan ya lotsa a can, in shanu suka hau sai ka ji yana ƙara daga ƙasa.

Kowace shekara da rani ana ɗibar samari unguwa-unguwa a kai su gyaran hanya, kuma ba a tambayar mutum ko yana da abin yi. Shekarar da matata ta sami cikin fari, mai unguwa ya nuna ni. Aka haɗa mu da wani heluma, shi ne shugaban lebura, dogon mutum mai bulala wanda bai cika dukan kowa da ita ba, nuni kawai yake yi. Muka kankare tsohuwar ƙasar kadarkon, muka yaye zanar, azara ta bayyana. Wasu lafiyarsu lau. Wasu ruwa ya cinye bakinsu inda suka zauna cikin danshi shekara da shekaru. Akwai wasu guda huɗu a jere, a gefen gabas, in ka ɗan wuce tsakiya daga wajen gari, waɗanda na danna da babban yatsana ya shige kamar a dafaffiyar kabewa.

Sababbin azarar da aka kawo sun ƙare kafin mu kai nan. Heluma ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, yana bugun ƙafarsa da bulala. Ya ce Bature mai duba hanya jibi zai zo, kuma kafin a sare giginya a tsaga ta a jawo ta nan, wata ya yi. Ya ce mu juya ruɓaɓɓun, mu mai da cikinsu sama, mu rufe. Ba wanda ya yi musu. Ni ma ban yi ba, kuma ba zan ce tsoron bulala ba ne. Kwana goma sha wani abu na yi ban riƙe wuƙa ba, tsohona shi kaɗai yake fama da fiɗa, gida nake so. Wuri uku muka rufe haka, amma na gabas ɗin nan ya fi muni.

Sai daɓe. Daɓe dai aikin mata ne, kowa ya sani, muka yi ta tsokanar juna ana cewa wane ya ɗaura zane. Ni kuwa ina da hannun mahauci, kuma ina da son a ce na iya. Na karɓi madaɓi, na yayyafa ruwan makuba, na duƙufa a kan gefen gabas ɗin nan, don na san shi ne yake bukatar a ɓoye. Na buga shi har ya yi santsi yana ƙyalli, ya ɗan ɗara sauran tudu. Bature ya zo a kan doki, ya sauka, ya buga takalminsa sau biyu a tsakiyar kadarkon, ya yi magana ta hanci. Tafinta ya ce ya yaba. Heluma ma ya nuna wurina da bulalarsa ya ce kowa ya ga yadda ake aiki.

Da na koma gida wannan yabon na kai wa matata, sauran na bar shi a cikina. Ita kuma da ta je ganin gida ta ƙara masa gishiri. Kafin labarin ya zagayo ya dawo kunnena, ni ne na gina kadarkon, har Bature ya tambayi sunana. Ban gyara wa kowa ba. Ɗan mahauci da aka ce bai isa ba, yau ga shi ana maganarsa a zauren surukai, ina dalili zan gyara?

Da rani abin bai dame ni ba, don yawancin mutane ta ƙasa suke bi, cikin rairayi. Da ruwa ya sauka reshen ya cika, kowa ya koma kan kadarko. Ni duk lokacin da zan wuce sai in raɓa gefen yamma, in yi sauri, ba na ko duban aikina. In ina rumfarmu na ga mutanen hayin gulbi sun shigo kasuwa, sai in kasa kunne in ji ko za a ce wani abu ya faru. Ba a ce ba. Na riƙa gaya wa kaina ai ba ni kaɗai na gani ba, mu fi ashirin ne, wani zai faɗa. Ina jin kowannenmu haka yake gaya wa kansa.

Matata ta tafi goyon ciki gidansu kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta sauka lafiya a tsakiyar damina, aka sami mace. Ana gobe suna surukina ya shigo gari da jakinsa ya sayi gishiri da kanwa, ya biyo ya gai da tsohona. Tsohona ya riga ya ware rago, fari mai baƙin wuya, wanda ya fi wata uku yana ba shi dussa da hannunsa, don kada a ce mahauta sun kawo abin kunya. Ya ce tun da ga Malam zai koma, in bi shi da ragon, su sai su taho da asuba. Na so in ce a bari in tafi ni kaɗai daga baya, amma ba a yi wa tsohona haka.

Surukuta a zamaninmu ba irin ta yanzu ba ce, da nake ganin yaro yana zaune kujera ɗaya da uban matarsa suna cin gyaɗa. Ba ka kallon idonsa, ba ka cin abinci inda yake, in kun haɗu a hanya ka tuɓe takalmi ka tsuguna. In tafiya ta haɗa ku, kana baya, da tazara. Haka muka fita bayan azahar, shi yana kora jakinsa, ni ina can baya ina jan rago, cikin sabuwar riga. An kwana ana ruwa, an kuma wuni ana yayyafi, hanya duk ta yi caɓi. Tun daga nesa na fara jin ƙugin ruwan reshen.

Ban taɓa ganin reshen ya cika haka ba. Ruwan ja ne, yana gudu, yana ɗauke da ciyawa da karan dawa, saura kamar kamu biyu ya taɓa azara. In ka tsaya a bakin kadarkon kana jin rawarsa a tafin ƙafarka. Ƙasar da ke kai ta jiƙe ta narke, tsakiya da gefen yamma sun zama taɓo, ruwa ya kwanta a wurare. Wuri ɗaya ne ya tsaya a bushe, sumul, yana kiran mai tafiya, shi ne gefen gabas da na daɓe. Wasu mata biyu masu tallan nono suna zaune a gindin wata bagaruwa, sun sauke ƙorai suna hutawa kafin su shiga gari.

Surukina ya tsai da jaki, ya jira har na matso. Bai dube ni ba, don shi ma yana jin nauyina, ruwan yake kallo. Ya ce, "Ɗana, kai kas san kadarkon ga, da hannunka anka yi shi. Shiga gaba in bi sawunka."

Na tuɓe takalma na tsuguna a cikin caɓi. Na ce, "A'a Baba, ban isa ba. Wane ni in shiga gabanka."

Ya ce nan hanya ce, ba zaure ba, shi ya ba ni izini. Na ƙara sunkuyar da kai na ce ya yi mini rai, ban iya ba. Ɗaya daga cikin matan nan ta ce wa 'yar'uwarta yaron nan yana da ladabi, irinsu sun yi wuya yanzu. Na ji ta sarai, har wani daɗi ya ɗan ratsa ni, Allah ya yafe mini.

Bari in faɗi abin da ke cikina a tsugunen nan, don ba ladabi ba ne. Tsoro ne iri biyu. Na farko, ban yarda da kadarkon gaba ɗaya ba a ranar, ina so in ga ya ɗauki jaki da kaya kafin in sa ƙafata. Na biyu, in na shiga gaba dole in bar busasshen wuri in kutsa cikin taɓo da sabuwar riga, kuma dole ya gane dalili. Maganar tana bakina, ba ta da tsawo, in ce masa ya bi yamma. Amma in na faɗa, kadarkon da aka yi ta yabona a kansa a zaurensa ya zama rami da na rufe da hannuna. Na ce a raina mutum ne marar jiki, wata biyu ana bi ba abin da ya faru, yau ma zai wuce. Da wannan na rufe bakina.

Ya ce to, ya yi bisimilla, ya taɓa jakin da sanda. Jakin ya sa ƙafa biyu a kan kadarko ya ƙi gaba. Ya buge shi, ya turje, ya kwantar da kunnuwa. Ni da na tashi cikin dabbobi na san abin da jaki yake faɗa in ya yi haka, amma na yi kamar ina gyara igiyar rago. Dattijon ya zagaya gaba, ya ɗaura masa igiya a wuya, ya fara jansa. Wannan ya sa yake tafiya da baya da baya, fuskarsa tana wajena. Ya bi gefen gabas, kamar yadda duk mai hankali zai yi.

Da suka yi nisa kaɗan na hau. Ina jin kowane taki yana motsa abin da ke ƙarƙashina, ga ruwa yana wucewa ta gefen idona har jiri ya fara ɗibata. Ban yi shawara da kaina ba, jikina ne ya kai ni inda ya saba. Na manne a gefen yamma, taɓo har idon sawu, na tattare riga da hannu ɗaya, ina jan rago da ɗayan. Ina ƙirga takunsa. Na san daidai inda wurin yake, akwai wani kan giginya da ya ɗan fito a gefe, daga shi sai taki uku.

Yana kai wa kan giginyar nan ya ɗago. Ya gan ni a can ƙarshen yamma cikin taɓo, ga hanya busasshiya a gabana na ƙi ta. Wannan ne karo na farko da idona ya shiga cikin nasa tun da na auri 'yarsa. Ya dube ni, ya dubi ƙasan ƙafarsa. Ko a lokacin da na yi ihu da ya tsaya. Na buɗe baki, ban san ko wani abu ya fito ba, jakin ya yunƙuro, shi kuma ya ja da baya taki ɗaya.

Ba wata babbar ƙara aka yi ba. Ƙasar ta buɗe kawai, ƙafarsa ta dama ta shige har cinya, ya faɗi ta gefe, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya saki igiyar nan take don kada ya jawo jakin a kansa. Ya yi salati sau ɗaya, bai ƙara ba. Na saki rago, na kwanta rub da ciki na ja jiki zuwa wurinsa, ƙasa tana zubewa cikin ruwa ta gefen hannuna. Na sa hannu a hammatarsa na ja. Ban taɓa taɓa jikinsa ba sai ranar, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Tsagin azara ya yage masa ƙwauri, ƙafar kuma ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Matan nan ne suka kama ragon, suka taimake ni muka sauke gishirin muka ɗora shi a kan jaki. Na yage sabuwar rigar na ɗaure masa ƙwaurin. Muka ƙarasa ta gefen yamma, ni a gaba yanzu, ba wanda ya yi maganar ladabi. A jirgin fito ya kwanta ya rufe ido. Muka isa Kwalkwalawa, aka kira maɗori.

Washegari aka yi suna. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙafar tana ɗaure cikin karare, mutane suna shiga suna yi masa barka biyu, ta jika da ta arziki. Ni ina rakuɓe a waje bayan zana, ina jin kowace kalma. Duk wanda ya tambaya sai ya ce tsohon kadarko ne ya burma da shi, kuma ba don yaron nan ba da ruwa ya tafi da shi, ya ce na kwanta a bakin ramin ban kula da raina ba. Aka yi ta sa mini albarka. Ƙanen nan nasa, mai maganar wankin tumbi, ya fito ya neme ni har inda nake, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce in yafe masa abin da ya faɗa a da. Na ce ba komai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, amma na tsaya na karɓi godiyarsa har ƙarshe.

Na fara ma sa rai ko bai gane ba. Na ce wataƙila zafin karaya ya mantar da shi, wataƙila kallon da ya yi mini kallo ne kawai.

Da la'asar mutane suka watse, tsohona ya ce in shiga in yi sallama mu kama hanya. Na tsuguna a bakin zaure, daga shi sai ni. Na yi masa sannu, ya amsa, ya sa wa jaririyar albarka, ya ce in gai da mutanen gida. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, a hankali, yana kallon rufin zaure, "Gobe kasuwa ta. Ka tahi da sassahe ka sari ƙaya, ka aza ga sauran wuraren da kas sani. Mata na biyowa da goyo."

Na koma na tsuguna. Na fara kame-kame, na ce wallahi nauyinsa ne ya hana ni, an hore mu ba a shiga gaban babba, ban san yadda zan yi ba. Ya bar ni na gama, kamar yadda yake barin kowa.

Ya ce, "Na gani, ladabinka ya kai. Amma da ka ce min, Baba bi yamma, ai ba ka shiga gabana ba."

Bai sake tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta. Da sassafe na je na sari ƙaya na aza a wuri uku. Ƙafar ta warke a gajarce, bai sake shiga fadamar shinkafarsa da kansa ba, sai dai ya zauna a kan tudu da sanda yana nuna wa 'ya'yansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan ƙafar nan kafin ya rasu, kuma duk baƙon da ya tambaye shi abin da ya same ta, labarin yadda na cece shi yake ba shi. Sau da yawa ina wurin, a tsugune a bakin zaure, baƙon ya juyo ya ce Allah ya yi mini albarka, ni kuma in ce amin.